Shekarar 1948 a Juyin Juya Halin Indonesiya

Shekarar 1948 ta tarar da Jamhuriyar Indonesiya tana da shekara biyu da 'yan watanni da kafuwa, ƙasarta na raguwa, abokan gabarta na ƙaruwa. Sukarno da Mohammad Hatta sun yi shelar 'yancin kai a Jakarta ranar 17 ga Agusta 1945, kwana biyu bayan Japan, wadda ta mamaye tsibiran tun 1942, ta sanar da miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu. Holan ba ta amince da shelar ba. Ta daɗe tana cin moriyar sukari da roba da kuza da man fetur na waɗannan tsibirai, har rinin batik na mutanen Jawa masaƙunta suka kwaikwaya ya zama atamfar Holan da ake sayarwa a Kantin Kwari, kuma bayan ɓarnar da yaƙi ya yi mata a Turai tana ganin ba ta da hanyar farfaɗowa sai da arzikinsu. Sojojinta suka biyo sawun na Birtaniya suka dawo. Da zaman Jakarta ya gagara, gwamnatin Jamhuriya ta koma Yogyakarta a tsakiyar tsibirin Jawa cikin Janairu 1946, inda Sultan Hamengkubuwono na Tara ya ba ta masauki.

An taɓa yin sulhu sau ɗaya. A yarjejeniyar Linggadjati, wadda aka sa wa hannu a Maris 1947, Holan ta yarda cewa Jamhuriya ce ke riƙe da Jawa da Madura da Sumatra a aikace. Wata huɗu kawai aka yi, ranar 21 ga Yuli 1947 sojojin Holan suka kai farmaki suka ƙwace gonakin roba da na rake, da rijiyoyin mai, da tasoshin jiragen ruwa. Suka kira abin “aikin 'yan sanda”, don a ɗauka rikicin cikin gida ne. Indiya da Ostareliya suka kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tsagaita wuta, aka kafa kwamitin sasantawa mai ƙasashe uku: Ostareliya da Jamhuriya ta zaɓa, Beljiyam da Holan ta zaɓa, sai Amurka da su biyun suka zaɓa. Kafin kwamitin ya fara aiki, Muƙaddashin Gwamna Janar Hubertus van Mook ya ɗauki taswira ya ja layi yana haɗa wuraren da sojojinsa suka kai mafi nisa, ya ce duk abin da ke bayan layin na Holan ne, har da yankuna masu faɗi da ba sojanta ko ɗaya da ya taka.

A kan wannan layi aka shiga sabuwar shekara. Da yake kowane ɓangare ya ƙi zama a garin ɗan'uwansa, sai aka yi zaman a cikin wani jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Renville, wanda ya yada zango a gaɓar Jakarta. Holan ta sa wani Bajawe, Kanar Abdulkadir Widjojoatmodjo, ya shugabanci tawagarta, don duniya ta ga kamar 'yan ƙasa ne ke jayayya da 'yan ƙasa. Ranar 17 ga Janairu 1948 aka sa hannu. Jamhuriya ta karɓi layin Van Mook a matsayin iyakar tsagaita wuta, ta yarda za ta kwashe mayaƙanta daga bayansa, ta kuma yarda mulki na hannun Holan har ranar da za a kafa tarayyar Indonesiya, inda Jamhuriya za ta zama jiha ɗaya cikin jihohi. Abin da aka ba ta a madadi alkawari ne na ƙuri'ar raba gardama a yankunan da aka ƙwace. Wakilin Amurka, Frank Graham, ya lallashe ta cewa abin da bindiga ta kasa riƙewa akwatin zaɓe zai dawo da shi. Ba a taɓa yin ƙuri'ar ba.

Wanda ya sa hannu a madadin Jamhuriya shi ne Firaminista Amir Sjarifuddin, lauya daga arewacin Sumatra, mai ra'ayin gurguzu, wanda Japan ta taɓa yanke wa hukuncin kisa saboda aikin ƙarƙashin ƙasa, sai da Sukarno da Hatta suka sa baki ya tsira. Bai sa hannu don yana so ba. Kwamandojinsa ba su da harsashin sake yaƙi, Holan kuma ta ba da wa'adi. Amma jam'iyyar Musulmi ta Masyumi da jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta PNI suka janye jiki daga gwamnatinsa, ranar 23 ga Janairu ya ajiye aiki. Sukarno ya ɗora wa mataimakinsa Hatta kafa sabuwar gwamnati, wadda aka sanar ranar 29 ga watan, kuma ba ta dogara da ƙuri'ar majalisa ba, ga shugaban ƙasa take ba da bahasi. Abin ban mamaki, jam'iyyun da suka kayar da Amir saboda Renville su suka cika sabuwar gwamnatin, kuma aikin farko da ta ɗaukar wa kanta shi ne aiwatar da Renville ɗin. Amir, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro tun 1945, ya nemi a bar masa ita. Hatta ya ƙi, ya riƙe ta da kansa.

Cikin Fabrairu aka fara kwashe sojoji. Rundunar Siliwangi, wadda ta fi kowace tsari da horo, ta bar tsaunukan yammacin Jawa. Dubban mayaƙa suka fito daga maɓoyarsu aka ɗebe su a jiragen ƙasa da na ruwa zuwa tsakiyar tsibirin. Jamhuriya ta kira tafiyar hijira, don a fahimci cewa akwai ranar komowa. Sai dai ba kowa ya tafi ba. Wani jagoran Masyumi a yankin, Sekarmadji Maridjan Kartosuwirjo, ya ce gwamnati ta bar Musulmin yammacin Jawa a hannun maƙiyi, ya tattara mayaƙan Hizbullah da Sabilillah suka ci gaba da yaƙi da Holan don kansu. Wannan ne mafarin ƙungiyar Darul Islam. A Agusta 1949 ya yi shelar daular Musulunci, kuma gwamnatin Indonesiya ba ta gama da tawayen ba sai 1962.

Van Mook bai jira ƙuri'a ba. A yankunan da ke hannun Holan aka shiga ƙirƙirar jihohi ɗaya bayan ɗaya: Madura, Pasundan a yammacin Jawa, Kudancin Sumatra, Gabashin Jawa, ƙari a kan Gabashin Indonesiya da Gabashin Sumatra da aka kafa tun farko. A Maris ya naɗa gwamnatin tarayya ta wucin gadi, shi ne shugabanta. 'Yan Jamhuriya suna kiran waɗannan jihohi 'yan amshin shata, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Sarakuna da manyan ma'aikata na tsibiran waje suna da tsoron kansu na kada mutanen Jawa su mamaye su, wasunsu kuma, kamar Anak Agung Gde Agung na Bali, Firaministan Gabashin Indonesiya, suna son 'yanci da gaske, hanya ce ta bambanta. A Yuli suka kafa majalisar tuntuɓa tasu a Bandung. Holan ta ɗauka ta samu makami. A ƙarshen shekara za ta ga ba haka ba ne.

Abin da ya rage wa Jamhuriya a Jawa yanki ne matsattse a tsakiya da gabas, da kusurwar Banten a yamma, ba babbar tashar jirgin ruwa ko ɗaya, an kuma yanke ta daga yankunan da suka fi noman shinkafa. Jiragen yaƙin Holan sun datse teku. 'Yan gudun hijira suka cika garuruwa, tufafi da magani suka yi wuya, kuɗin Jamhuriya ya riƙa zubewa har albashin ma'aikaci ya daina ciyar da gidansa. Gwamnati ta koma fasa-ƙwauri zuwa Singafo, har da sayar da ofiyom da ta gada daga rumbunan mulkin mallaka, don ta biya wakilanta na ƙasashen waje. A Yuni Sukarno ya ziyarci Aceh a ƙarshen arewacin Sumatra, 'yan kasuwa da talakawa suka tara kuɗi da zinariya aka sayi jirgin sama ƙirar Dakota, aka raɗa masa suna Seulawah.

Hatta masanin tattalin arziki ne, mutum mai lissafi, ba mai jawabin tada tsimi irin Sukarno ba. Ya duba ya ga ƙasar na ciyar da dubban ɗaruruwan masu kaki, da yawansu ba su da ko bindiga, ga kuma ƙungiyoyin sa-kai da kowace jam'iyya ke riƙe da nata. Ya ƙudura rage su a bar ƙaramar runduna mai horo. Wanda ya tsara masa shirin shi ne Kanar Abdul Haris Nasution, tsohon kwamandan Siliwangi, wanda ya samu horo a makarantar soja ta Holan. A takarda shirin daidai ne. A fili kuwa ma'anarsa ita ce a sallami dubban samari zuwa ƙauyukan da ba aiki, a rage wa hafsoshi anini, kuma akasarin waɗanda wuƙar za ta hau rundunonin da Amir ya raina ne lokacin yana ministan tsaro. Rundunar Senopati ta birnin Solo ta ƙi yarda a rushe ta. Mayaƙanta 'yan gari ne, suna kallon sojojin Siliwangi, masu magana da harshen Sunda, a matsayin baƙin da aka kawo su ci abincinsu su kuma karɓe musu makamai.

Amir ya riga ya koma adawa. A Fabrairu ya haɗa jam'iyyun gurguzu da ƙungiyar matasa masu makamai ta Pesindo da babbar ƙungiyar ƙwadago a inuwa ɗaya mai suna Gamayyar Dimokuraɗiyyar Jama'a, ya juya yana sukar yarjejeniyar da shi da kansa ya sa wa hannu. Sutan Sjahrir, tsohon Firaminista kuma tsohon abokin tafiyarsa, ya ɓalle ya kafa tasa jam'iyyar ya mara wa Hatta baya. Daga Mayu zuwa Yuli ma'aikatan gonakin auduga da masana'antar buhu ta gwamnati a Delanggu suka shiga yajin aiki, manoman da ke bin Masyumi suka fito don karya yajin, aka yi jina-jina. Ranar 2 ga Yuli aka harbe kwamandan Senopati, Sutarto, ba a kuma tabbatar da wanda ya sa ba.

Ana cikin haka, a Agusta, Musso ya sauka Yogyakarta. Yana cikin jagororin tawayen kwaminis na 1926, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin akasari a Tarayyar Sobiyet. Ya zo da abin da ya kira Sabuwar Hanya: a narke jam'iyyun gurguzu duka cikin jam'iyyar kwaminis ɗaya, a daina tattaunawa da Holan, a jingina da Mosko. Cikin 'yan makonni shugabannin Gamayyar suka bi shi, Amir ma ya fito ya ce tun 1935 shi ɗan kwaminis ne a ɓoye, maganar da har yau masana tarihi ke jayayya a kanta. Ranar 2 ga Satumba Hatta ya mayar da martani a gaban kwamitin aiki na majalisa. Ya ce Indonesiya ba dole ta zaɓi Amurka ko Rasha ba, tana iya tuƙa kwalekwalenta tsakanin duwatsun biyu. Wannan jawabi ne tushen manufar 'yan ba-ruwanmu da ƙasar ta bi daga baya.

Solo ce ta fara kamawa. A daidai lokacin da birnin ke karɓar gasar wasannin ƙasa ta farko, daga 9 zuwa 12 ga Satumba, ana sace hafsoshi masu ra'ayin gurguzu, Senopati na zargin Siliwangi. Ranar 13 aka buɗe wuta. Siliwangi ta yi rinjaye, Sukarno ya sa dokar ta-ɓaci ya naɗa Kanar Gatot Subroto gwamnan soja. Labari ya isa Madiun, garin masana'antun sukari da ma'aikatan jirgin ƙasa a gabashin Jawa, inda Pesindo ke da ƙarfi. Shugabanninta suka ga in sun zauna su ne na gaba. Da asubahin 18 ga Satumba mayaƙa ƙarƙashin Sumarsono suka ƙwace barikoki da ofisoshi da gidan rediyo, suka naɗa sabbin hukumomi.

Musso da Amir suna rangadin siyasa a wani gari lokacin da abin ya faru, kuma alamu sun fi nuna cewa ba su shirya masa a wannan lokaci ba. Jam'iyyar da suke haɗawa ko babban taronta ba ta yi ba. Amma suka nufi Madiun suka rungumi abin da suka tarar. Daren 19 ga wata Sukarno ya hau rediyo ya ce jama'a su zaɓa: ko Musso da jam'iyyarsa, ko Sukarno da Hatta. Musso ya yi kuskuren amsawa da irin muryar, ya kira shugabannin biyu barorin Japan waɗanda suka sayar da talakawa ga aikin tilas. Da wannan ya rufe ƙofar sulhu, ya kuma shiga gasar farin jini da mutumin da ba wanda ya kai shi a Jawa. Rundunoni da dama masu tausaya wa gurguzu suka noƙe, ƙungiyoyin ƙwadago a sauran garuruwa ba su tashi ba. Van Mook ya yi tayin taimako, Hatta ya ƙi, domin ya san karɓar taimakon Holan zai gaskata duk abin da Musso ke faɗa.

Siliwangi ta taso daga yamma, sojojin Kanar Sungkono daga gabas, ranar 30 ga Satumba Madiun ta faɗi. Yaƙin garin gajere ne, na ƙauyuka ne ya yi muni. A karkarar Jawa akwai tsohuwar ɓaraka tsakanin masu riƙo da addini sosai, waɗanda rayuwarsu ke kewaye da malamai da makarantun kwana masu kama da tsangaya, da kuma Musulmin da suka fi riƙo da al'adun gargajiya, waɗanda 'yan gurguzu suka fi samun magoya baya a cikinsu. Rikicin gona da bashi ya hau kan wannan ɓaraka. A yankin Magetan da Ponorogo 'yan tawaye suka kashe malamai da almajirai da 'yan sanda da ma'aikatan hukuma, aka jefa gawarwaki a rijiyoyi. Tsohon gwamnan Gabashin Jawa, Suryo, shi ma a hannunsu ya mutu a Nuwamba. Da iska ta juya, sojoji da matasan Masyumi suka rama, sau da yawa ba tare da shari'a ba. Dubbai suka mutu, aka tsare kusan mutum 35,000. An harbe Musso ranar 31 ga Oktoba kusa da Ponorogo. Amir ya yi ta gudu cikin dazuzzuka da ragowar mayaƙansa har ƙarshen Nuwamba, aka kama shi. Ƙiyayyar da aka shuka a wannan kaka ta sake tsirowa a kashe-kashen 'yan kwaminis na 1965, da girman da ya ninka wannan nesa ba kusa ba.

A waje, Madiun ta sauya lissafi. Shekarar ce 'yan kwaminis suka karɓe mulki a Cekoslobakiya, Sobiyet ta datse hanyoyin Balin, tawaye ya ɓarke a Malaya da Bama, sojojin Mao na cin garuruwa a Sin. Holan ta daɗe tana gaya wa Amurka cewa Jamhuriya gadar kwaminisanci ce. Sai ga gwamnatin Hatta ta murƙushe tawayen kwaminis da hannunta, cikin mako biyu ta karɓe garin, ba da taimakon kowa ba. Daga nan Washinton ta fara ganin Hatta a matsayin mutumin da bai kamata a bari ya faɗi ba, ta kuma fara ganin taurin kan Holan a matsayin abin da zai iya kayar da shi.

A Holan kuwa akasin haka aka karanta. Zaɓen Yuli ya kawo gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Willem Drees, kuma ma'aikatar yankunan ƙetare ta faɗa hannun jam'iyyar Katolika, mai tsattsauran ra'ayi kan batun. Aka sauke Van Mook, aka aiko tsohon Firaminista Louis Beel da muƙamin Babban Wakilin Sarauniya. Holan na ciyar da sojoji fiye da dubu ɗari a tsibiran, baitulmalinta na ƙarewa, kwamandanta Janar Simon Spoor kuma yana ganin Jamhuriya ta galabaita da yaƙin cikin gida, bugu ɗaya ya ishe ta. Ministan harkokin waje Dirk Stikker ya zo ya gana da Hatta a Kaliurang kusa da Yogyakarta, Hatta ya yi sassauci mai yawa. Inda aka cije wuri biyu ne: makomar sojojin Jamhuriya a lokacin riƙon ƙwarya, da ikon wakilin Holan na tura sojojinsa cikin yankin Jamhuriya ba da izininta ba. Ba shugaban da zai yarda da wannan ya kwana a kujerarsa. Ranar 11 ga Disamba Holan ta ce tattaunawa ta ƙare.

Sojojin Jamhuriya sun san farmaki na zuwa, kuma sun koyi darasi daga 1947, lokacin da suka yi ƙoƙarin tare tankoki a fili aka tarwatsa su. Sabon tsarin da Nasution ya rubuta ya ce kada a kare gari. A ƙone abin da maƙiyi zai amfana da shi, a janye zuwa tsaunuka, kowane yanki ya zama da'irar yaƙi mai cin gashin kanta, dagatai su ciyar da mayaƙa, rundunonin da suka yi hijira kuma su kutsa su koma inda suka fito. Babban kwamanda, Janar Sudirman, shekararsa 32, tsohon malamin makarantar Muhammadiyah ne da ya samu horon soja a hannun Japan, kuma hafsoshi ne suka zaɓe shi da ƙuri'a a 1945, ba gwamnati ta naɗa shi ba, abin da ya sa sojoji ke ganin kansu abokan tarayyar gwamnati ne, ba yaranta ba. A ƙarshen 1948 tarin fuka ya ci ƙarfinsa, an yi masa aiki, huhu ɗaya ke aiki.

Daren Asabar 18 ga Disamba Beel ya sanar da soke tsagaita wuta, a lokacin da saƙon ba zai iya isa Yogyakarta ba. Da sassafen Lahadi jiragen sama suka yi ruwan bama-bamai a filin jirgin Maguwo, sojojin laima suka sauka, aka riƙa sauke ƙarin dakaru. Wakilan kwamitin sasantawa na Majalisar Ɗinkin Duniya suna Kaliurang a lokacin, tazarar da ke iya jin ƙarar bama-baman. Majalisar ministoci ta zauna a fadar shugaban ƙasa. Sukarno ya sha alkawari a bainar jama'a cewa in Holan ta kawo hari shi da kansa zai shiga daji ya jagoranci yaƙin sunƙuru. Sudirman ya taso daga gadon jinya ya zo fada, hafsoshi suka nemi shugabanni su fice tun da sauran hanya. Majalisar ta yanke shawarar zama. Hujjarta ita ce shugaban da ke ɓoye a tsauni ba ya iya magana da duniya, tsaronsa kuma zai cinye sojojin da ake buƙata a fagen fama, alhali shugaban da aka kama a fadarsa, a gaban idon wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zama kaya a wuyan wanda ya kama shi.

Sukarno ya roƙi Sudirman ya zauna a yi masa magani. Ya ƙi. Ya ba da umarnin yaƙi ta rediyo, ya fice ta kudu, daga baya aka riƙa ɗaukarsa a kujerar da aka ɗaura wa sanduna, daga ƙauye zuwa ƙauye, kusan wata bakwai. Da yammacin ranar sojojin Holan suka shiga fada suka kama Sukarno da Hatta da Sjahrir da ministan harkokin waje Haji Agus Salim. Abin da ya biyo baya ya nuna lissafin farar hula ya yi daidai ta fuskar diflomasiyya. Amma sojoji ba su manta ba. Labarin cewa 'yan siyasa sun miƙa wuya a ranar da soja ya shiga daji ya zama jarin da rundunar ta riƙa kafa hujja da shi shekaru da yawa, duk lokacin da ta nemi hannu a mulki.

A daren wannan Lahadi, a ƙauyen Ngalihan kusa da Solo, sojojin Jamhuriya suka harbe Amir Sjarifuddin da wasu shugabannin gurguzu goma bisa umarnin Gatot Subroto, ba tare da an kai su kotu ba. Wata goma sha ɗaya kafin nan shi ne Firaministan ƙasar. Dubban sauran fursunonin Madiun kuwa aka sake su ko suka tsere cikin ruɗanin, da yawansu suka ɗauki makami suka yaƙi Holan.

Kafin a kama su, Sukarno da Hatta sun rubuta saƙon waya suna ba Sjafruddin Prawiranegara, ministan tattalin arziki wanda ke Bukittinggi a Sumatra, izinin kafa gwamnatin gaggawa, da wani saƙon zuwa ga wakilansu a Indiya ko da hakan ya gagara. Saƙon bai isa hannun Sjafruddin ba. Da ya ji a rediyo Yogyakarta ta faɗi, sai ya yi abin da aka so ya yi bisa tunaninsa. Ranar 22 ga Disamba, a wata gonar shayi a Halaban kusa da Payakumbuh, ya kafa Gwamnatin Gaggawa ta Jamhuriyar Indonesiya tare da Teuku Mohammad Hasan. Da yake ba shi da takardar izini a hannu, bai kira kansa shugaban ƙasa ba. Gwamnatin ta riƙa yawo cikin dazuzzukan Sumatra da na'urar rediyo, tana aika saƙo Aceh, wadda Holan ba ta yi gigin shiga ba, daga can zuwa Bama da Indiya. Sudirman ya amince da ita. A ranar 22 ga Disamban ce kuma aka kwashe manyan fursunonin a jirgi: Hatta zuwa tsibirin Bangka, Sukarno da Sjahrir da Agus Salim zuwa Berastagi, daga baya Parapat a bakin tafkin Toba.

Holan ta zaɓi ƙarshen Disamba ne da tunanin duniya na hutun Kirsimeti. Bai yi mata amfani ba. Gwamnatocin Gabashin Indonesiya da Pasundan, jihohin da ita ta kafa, suka yi murabus don nuna ƙin amincewa. Indiya da Pakistan da Silon suka hana jiragen saman Holan sauka a ƙasashensu. Ranar 22 ga wata Amurka ta dakatar da kason tallafinta na shirin Marshall da aka ware wa yankunan Holan a Indonesiya, 'yan majalisar dattawanta kuma suka fara maganar a yanke wanda ake ba Holan ɗin kanta. Kwamitin Sulhu, wanda ke zama a Faris, ya zartar da ƙuduri ranar 24 ga Disamba yana neman a tsagaita wuta a saki fursunoni, ko da yake ba a samu isassun ƙuri'u na tilasta wa Holan janyewa ba. Sultan na Yogyakarta ya rufe ƙofar fadarsa ya ƙi duk tayin muƙami da aka kawo masa, ma'aikatan gwamnati da yawa a birnin suka ƙi komawa ofis.

Ranar 31 ga Disamba Holan ta sanar da cewa ta kammala aikin soja a Jawa, na Sumatra kuma zai ƙare 5 ga Janairu. Manyan garuruwa duka suna hannunta, amma hanyoyin da ke tsakaninsu ba sa biyuwa sai da ayarin motoci masu sulke, da dare kuma ƙauyuka na hannun 'yan sunƙuru. Rundunar Siliwangi tana kan hanya a ƙasa, da mata da yara, tana komawa yammacin Jawa, inda a ƙarshen Janairu ta tarar da bindigogin Darul Islam na jiranta ban da na Holan.

Sauran ya zo cikin 1949. Firaministan Indiya Nehru ya tara ƙasashen Asiya a Delhi a Janairu, Kwamitin Sulhu ya nemi a mayar da gwamnatin Jamhuriya Yogyakarta, ranar 1 ga Maris 'yan sunƙuru suka shiga birnin suka riƙe shi na sa'o'i shida. Shugabannin jihohin tarayya suka ƙi kafa gwamnati ba tare da Jamhuriya ba, Beel ya ajiye aiki. Sukarno da Hatta suka koma Yogyakarta ranar 6 ga Yuli, Sudirman ya biyo baya ranar 10 bayan an sha lallashinsa, Sjafruddin ya mayar da amanar mulki ranar 13. Ranar 27 ga Disamba 1949 Holan ta miƙa mulki, bisa sharaɗin sabuwar ƙasar ta ɗauki bashin fiye da gilda biliyan 4 na gwamnatin mulkin mallaka, aka kuma bar batun yammacin tsibirin Niyu Gini a hannun Holan, rigimar da ba a warware ba sai a farkon shekarun 1960.